Tsohuwar moto a zaure: tarihinmu da ake aunawa a kilo

  Yau hirar tamu ta tsohon ƙarfe ce.

Gidaje da dama a garin nan, in ka shiga zaure ko ka zagaya inda ake tara tarkace, za ka iske wata tsohuwar moto jingine da bango. Tayoyi sun sace sun tsattsage, sirdi ya yage, yara sun ɓalle madubi tun tuni, kaza ta mai da ƙarƙashinta wurin saka ƙwai. Ta baba ce, ko ta kawu, ko ta wani mushe da ya koyar da rabin unguwa. Rannan sai mai sayen tsofaffin ƙarafa ya biyo da kurarsa, a ɗora ta bisa sikeli, a lissafa kilo, a miƙo ƴan kuɗin da ba su wuce cefanen kwana biyu ba. Daga nan a sassare ta, a loda a kamyo, ta nufi wajen masu narka ƙarfe.

Ga abin da nake so mu tsaya mu duba. Waɗannan babura na shekarun 1970 da 1980 an ƙera su ne don a riƙa kwance su ana gyarawa, kuma da yawansu za su tashi yau in sun samu mai haƙuri. Amma abu biyu ne ke ƙarewa tare: su kansu baburan, da dattawan makanikan da suka san cikinsu. In aka ƙara shekara goma a haka, ko da kuɗi a hannu ba za a same su ba.

Kafin kwalta ta iso

Ƙasarmu ta rairayi ce, kowa ya sani. Lokacin da Bajamushen nan mai yawon bincike, Heinrich Barth, wanda ya riƙa kiran kansa Abdul Karim, ya sauka Gure a ƙarshen 1852 ya gana da Munyoma Koso, da doki da raƙuma ya zo. Bayan shekara ɗari abin hawan talaka bai sake ba: jaki, raƙumi, takarkari, sai doki ga mai hali. Motar da ke iya ratsa tuddan nan ita ce irin ta komanda, sai manyan kamyo na ƴan kasuwa. Ƙaramar moto mai siraran tayoyi kuwa, in ta shiga yashi, mai ita ne ke sauka ya tura.

Shi ya sa tarihin moto a yankinmu ba ya rabuwa da tarihin kwalta. A shekarun 1970 aka shimfiɗa hanyar da ta tashi daga Gure ta bi ta Gudumariya, Maine Sorowa da Difa har Gigime, sama da kilomita 400, da taimakon ƙasar Kanada. Ita ce ake kira hanyar haɗin kai, kuma maganarta ta soma ne tun zamanin Diori Hamani. Gure ta zama zango a kan babbar hanya mai lamba ɗaya, kilomita 160 da ɗoriya gabas da Damagaram.

A waɗannan shekaru ne kuma kuɗin yuraniyom suka fara shigowa, tunda an soma haƙo shi a Arlit a 1971. Duk da farin 1973 da 1974 wanda ya kashe dabbobi ya tarwatsa makiyaya, zuwa ƙarshen shekarun, a mulkin Seyni Kountché, gwamnati ta samu abin gina lakwal da ɗakunan shan magani, ta ɗauki ma'aikata ta turo su garuruwa irin namu. Mushe, majo na asibiti, malamin dabbobi, sakataren ofishin su-farfe, ma'aikacin gidan waya: su ne mutanen da ke da albashi duk wata, su ne kuma suka fara iya sayen moto.

Zamanin mobilet

Kalmar mobilet da muke kiran duk wata ƙaramar moto mai feda da ita, asalinta sunan haja ne. Kamfanin Motobécane na Faransa ya fito da Mobylette a 1949, bayan yaƙin duniya na biyu, lokacin da ma'aikacin Faransa ba ya da kuɗin mota. Dabarar mai sauƙi ce: a ɗauki keke mai ƙwari, a rataya masa injin da bai kai santimita kub 50 ba. Dokar can ta ƙayyade gudun irin waɗannan a kilomita 45 a awa, ta kuma bar yaro ɗan shekara 14 ya hau ba tare da lasisi ba. Sai kasuwa ta buɗe. A shekarun 1970 kamfanin ya kai yana fitar da kusan 750.000 a shekara. Wadda ta fi suna ita ce shuɗiyar nan AV88, wadda Faransawa ke kira da launinta kawai.

Peugeot ma bai zauna ba. A 1971 ya fito da 103, wadda ta zama babbar kishiyar mobilet. A Bobo-Dioulasso ta Burkina Faso har masana'anta aka yi, SIFA, mai harhaɗa Peugeot P50, kuma yawan masu hawanta ne ya sa ake kiran Wagadugu birnin ƙafa biyu. Mu a nan, tunda kuɗinmu sefa ne kuma manyan shagunan Yamai da Damagaram daga Faransa suke oda, kayan Faransa ne suka fi saurin iso mu.

Me ke cikin mobilet? Abu kaɗan ne, kuma nan ƙarfinta yake. Injinta mai bugu biyu ne, de-tan kamar yadda makanikai ke cewa. Ba shi da bawul, ba shi da tukunyar baƙin mai. Fiston ɗin da kansa ke buɗe ramukan shigar mai da na fitar hayaƙi yayin da yake hawa da sauka. Man shafawar kuwa a cikin fetur ake zuba shi, shi ne melanji, shi ne kuma ke ba da wannan shuɗin hayaƙi mai ƙamshin da duk wanda ya tashi a wancan zamani ba ya mantawa. Babu giya. Bel ɗin roba, wanda muke kira kuruwa, shi ke ɗaukar ƙarfin inji ya miƙa wa sarƙa. Babu batir: wuta daga maganaɗisun da ke juyawa a gefen inji take fitowa. In mai ya ƙare a hanya, ka juya wani ɗan maɓalli ka raba inji da taya, ka taka feda kamar keke har gida, kana zufa kana gode wa Allah.

Mu da aka haifa bayan zamanin nan mun iske ragowarsu ne. Amma manyanmu suna faɗa cewa mai mobilet a unguwa ba shi kaɗai ke moriyarta ba. Ita ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare, ita ke kai saƙon rasuwa, ita ake ara ranar ɗaurin aure.

Ƴan Japan sun biyo ta kudu

Gure ba Faransa kaɗai take kallo ba. Tun kafin a ja iyaka, kanwarmu da dabbobinmu kudu suke nufa, kuma da jirgin ƙasa ya iso Nguru a 1930 sai cinikin ya ƙara ƙarfi. Duk abin da ya cika kasuwar Kano, in an jima za a gan shi a nan.

A 1975 gwamnatin Yakubu Gowon ta biya ma'aikatan Najeriya ƙarin albashi tare da bashin watannin baya, bisa rahoton kwamitin Jerome Udoji. Kuɗin mai ne ke aiki a lokacin. Ma'aikata suka ruga sayen rediyo, keken ɗinki da babura, har kalmar Udoji ta shiga bakin mutane. Babura ƴan Japan suka cika Najeriya: Honda, Yamaha, Suzuki. A 1979 Honda ta kafa kamfaninta a can, da masana'anta a Ota cikin jihar Ogun. Ta nan Yamaha 100, Suzuki 100, Yamaha Mate da Honda Benly suka riƙa tsallako iyaka, wasu ta duwan, wasu ta bayan gari. Waɗannan suna da giya, suna da ƙarfin ɗaukar mutum biyu da buhu, suna kuma iya taɓa yashi fiye da mobilet.

Cikinsu akwai wadda labarinta ya cancanci a tsaya a kai, wato Honda CG125. A 1974 kamfanin ya aika ma'aikatansa su zagaya ƙasashe irin su Tailan, Indonesiya, Filifin, Iran da Pakistan, su ga yadda ake amfani da babur a can. Abin da suka iske ya ba su mamaki: moto ɗaya na ɗauke da uba, uwa da ƴaƴa, ba a juye baƙin mai sai ya zama kamar kwalta, ba a zuwa wajen gyara sai inji ya tsaya cak. Maimakon su tsaya wa'azi, sai suka koma suka ƙera injin da zai jure wannan hali. Suka sauko da sandar da ke buɗe bawul ƙasa, kusa da inda mai yake, suka sa matacin iska na soso wanda ake wankewa a mayar. A 1975 CG125 ta fito. Kun ga ke nan, an zana ta ne don mutane irinmu, masu ƙura da lodi da nisan garaji. Har gobe ana ƙera ta a Pakistan.

Sai kuma masu dogayen ƙafafu, irin Yamaha DT, waɗanda proje-proje da ma'aikatun gwamnati ke raba wa jami'ansu. Su ne na farko da suka iya bin sawun raƙumi da gaske. A kansu masu rigakafi suka kai allura ƙauyukan Kelle da Bune, a kansu malaman dabbobi da na gona suka zagaya kwaruruwan dabino da kanwa, wasu har Tasker. Duniya ma ta shaida abin da irin wannan moto ke yi a hamada: tseren Paris-Dakar na farko, wanda ya ƙare a Janairun 1979, ya ratsa ta Agadas da Yamai, kuma Cyril Neveu ne ya ci shi a kan Yamaha XT500.

Yadda suka koma zaure

Abubuwa uku suka kwantar da su, ɗaya bayan ɗaya.

Na farko, a can gida Faransa mobilet ta fara mutuwa. Motobécane ya karye a farkon shekarun 1980, aka sake masa suna MBK, daga baya a 1986 Yamaha ta karɓe ragamarsa. An ci gaba da ƙera mobilet a Saint-Quentin har farkon shekarun 2000, sannan aka tsaya. A daidai wannan lokaci farashin yuraniyom ya faɗi, Najeriya ta rufe iyakarta daga 1984 zuwa 1986, aljihun ma'aikaci ya soma ramewa.

Na biyu shi ne karya darajar sefa. Ranar 11 ga Janairun 1994 aka sanar daga Dakar cewa faran ɗaya na Faransa, wanda ke sefa 50, ya koma sefa 100. A dare ɗaya duk wani piyes da ke zuwa daga Turai ko Japan ya ninka kuɗi. Ga shi kuma shekarun ne da ma'aikatan Nijar ke yin watanni ba albashi. Wanda fistonsa ya lalace a lokacin, sai ya jingine moto ya ce sai an biya. Da yawa daga cikin waɗanda muke gani a zaure yau, tun wannan jinginar ce ba a sake tayar da su ba. Ba mutuwa suka yi ba, wani ƙaramin abu ne ya gagara saye.

Na uku, ƴan China suka iso. Daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa na 2000, Jincheng, Kasea, Royal, Haojue da ire-irensu suka cika kasuwa, daga baya Bajaj ta Indiya ta biyo. Sabuwa fil cikin kwali, a kuɗin da bai kai na ƴar Japan ba ko kusa. Gaskiya a faɗe ta: waɗannan ne suka sauko da moto daga hannun ma'aikaci zuwa hannun kowa. Kabu-kabu, wanda ya fara ƙarfi a garuruwan bakin iyaka irin Ƙonni, ya bazu ko'ina ya ba dubban samari abin yi. Yau makiyayi na zuwa kasuwar Subdu a kan moto, ya ɗaure akuya a baya. Kuma abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, injin da ke cikin da yawa daga ƴan China masu 125 kwafin injin CG125 ne. Jikokinta ne muke hawa.

Amma gyara ya sake kama. Tsohon makanike in wuta ta ɗauke, zai buɗe gefen inji, ya goge bis-platine da ƴar takardar yashi, ya daidaita tazararsu, moto ta tashi. Sabuwar moto kuwa wutarta na cikin wani baƙin akwati da aka liƙe, CDI. In ya mutu, a jefar a sa wani. Karbirater ma yanzu sau da yawa sauya shi ake yi gaba ɗaya, don sabon ya fi arha a kan ɓata yini ana wanke tsohon. Ba laifin yaran garaji ba ne, abin da kasuwa ta koya musu ke nan. Sai dai sanin da ke cikin kunne da yatsun dattawa, na jin ƙarar inji a faɗi ciwonsa, ba ya samun magaji.

In za ka tayar da ita a gida

To, a ce akwai irin wannan moto a gidanku, kuma zuciyarka ta raya maka ka gwada. Ga yadda masu abin ke bi.

Kafin ka taɓa sifana, warware maganar mallaka. In ta mamaci ce, gado ce. A zauna da ƴan uwa, a yi mata kuɗi ko a yafe maka a gaban shaidu. Ranar da ta yi ƙyalli ne kowa zai tuna ta babansa ce. Sannan ka nemo kart-giriz da takardar duwan in suna nan, ka duba lambar da ke jikin firam da ta inji ko sun dace. Wannan ba wasa ba ne a zamanin da muke ciki. Kano ta hana acaɓa a Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero, maƙwabciyarmu Difa ta hana hawan moto a 2015 saboda Boko Haram. Moto marar takarda a yau jan magana ce ga mai ita.

Sai hoto. Ɗauki wayarka ka ɗauke ta ta kowane gefe, kuma duk abin da za ka kwance ka ɗauka kafin ka cire. Shimfiɗa tabarma ko buhu a ɗaki mai ƙofa, kada ka yi aikin a tsakar gida, don ƙaramin noti in ya faɗa rairayin Gure sai dai haƙuri. Tanadi gwangwanayen tumatir, kowane sashe da nasa, ka rubuta a jiki.

Kada ka yi gaggawar buga kik ko taka feda. Cire buji, ka ɗiga baƙin mai kaɗan a ramin, ka gwada juya inji da hannu a hankali. In ya juya, alhamdu lillahi, rabin aiki ya ƙare. In ya ƙi, fiston ya kama. Zuba gazuwal a ramin ka bar shi kwana uku, ko mako, kana gwadawa. Masu gaggawa su kan sa guduma, su fasa abin da ba a samun irinsa.

Tanki shi ne na gaba. Fetur ɗin da ya shekara ashirin a ciki ya zama danƙo, ga tsatsa. A zuba gazuwal da ƴan notuna, a girgiza sosai, a zubar, a maimaita har ya fito da tsabta, a bar shi ya bushe a rana. Nesa da murhu, nesa da mai shan taba, kuma kada a kai tankin da ya taɓa fetur wajen mai walda ba tare da an wanke shi sarai ba. Sai karbirater: a kwance shi, a jiƙa a fetur, a hura ƴar ƙaramar ƙofar man nan, jikler, da iska. Kada a tsokane ta da allura ko waya, ramin zai faɗaɗa, moto ta koma shan mai kamar raƙumi a bakin rijiya. A sa ɗan matacin mai a tiyo, musamman ga mai sayen na kwalba wajen ƴan ruwa-ruwa.

Wuta kuma, ga yadda ake gwada ta: a sa sabon buji a wayarsa, a jingina shi da jikin inji, a juya. In ka ga shuɗin tartsatsi, lafiya. In babu, ko ja ne mai rauni, a duba bis-platine. A goge su, a bar tazarar kimanin milimita 0,4 lokacin da suka buɗe. In moto na tashi da sanyi amma tana mutuwa in ta yi zafi, yawanci kondansater ne ya gaji. A tuna kuma yawancin tsofaffin nan wutar bolt 6 gare su, ƙwan fitilar sabuwar moto ba zai yi haske a jikinsu ba.

Ga masu de-tan akwai abu biyu da ake yawan mantawa. Ɗaya, robobin da ke toshe gefen kurangshaf, juwan-sipi. Zafinmu na busar da su, iska ta riƙa shiga ta inda bai kamata ba, inji ya yi ta ihu shi kaɗai har ya ƙone fiston. A sauya su ko da sun yi kama da masu lafiya. Biyu, salansa. Shekarun melanji na toshe ta da baƙin gawayi, moto ta tashi amma ba ƙarfi. A cire ta a ƙone dattin a kakkaɓe. Melanjin kansa, a tsohon ƙa'ida kashi 4 cikin 100 ne, wato mililita 40 na man de-tan a kowace lita. Baƙin man da aka juye daga mota ba man melanji ba ne, ko da wani ya ce maka haka ake yi. Ga CG da sauran masu bugu huɗu, a juye tsohon mai, a wanke ƴar rariyar da ke ƙasan inji, a zuba sabo kafin a tayar.

Matacin iska kuwa, a garin nan shi ne ran inji. Moto marar mataci a lokacin hunturu tana shaƙar yashi, yashin ya riƙa cin silanda da segman kamar takardar goge katako. Birki, tayoyi da wayoyin birki a sauya su kafin a hau titi. Fenti shi ne na ƙarshe, kuma ni a ganina in asalin fentin na nan, a wanke shi a bar shi. Tsohuwar lamba, tambarin proje, ko sunan da mai ita ya sa aka rubuta a madgad, su ne shaidar inda ta fito.

Piyes fa? Na CG sun fi sauƙi, don da yawa daga na ƴan China suna shiga, sai dai a gwada kafin a biya. Na mobilet da 103 sai an yi cigiya: kasuwar Dole a Damagaram, Maraɗi, Ƙofar Ruwa a Kano, ko ɗan uwa da ke Burkina. A Faransa ma ana sake ƙera su, don can mobilet ta zama abin marmari, har ƙungiyoyi gare su masu fita yawo da ita. Amma babbar ma'ajiya tana nan cikin gari: wata matacciyar moto irin taka a zauren maƙwabci, da akwatin tarkacen tsohon makanike.

A je wajen dattawa

Kada wanda ya ce zai yi wannan aiki shi kaɗai da bidiyon intanet. Bidiyon zai nuna maka mobilet a garejin Bature mai siminti da kayan aiki jere. Ba zai gaya maka yadda ake yanka juwan daga kwalin sukari ba, ko yadda ake gane ciwon inji da jin ƙararsa daga nesa. Wannan sai wanda ya yi shekara talatin a gindin bishiya da sifana. Suna nan da ransu, wasu ido ya yi rauni, wasu sun bar sana'ar. Ka je ka gaishe shi, ka ce baba ga abin da na samu a gida, ka kai masa goro da kuɗin shayi, ka biya shi haƙƙinsa. Ka tafi da ƙanenka ko ɗanka ya zauna ya gani. In ya yarda, kunna rikodar waya, ka tambaye shi wa ya koya masa, wace moto ya fara kwancewa, daga ina piyes ke zuwa a da. Littattafan tarihi sun rubuta sarakunan Muniyo da komandojin Faransa, amma waɗanda suka riƙe ƙafafun garin nan suna juyawa, labarinsu a bakinsu kawai yake.

Na san wani zai ce, ana fama da tsadar hatsi wa ke ta tsohon ƙarfe? Maganarsa na kan hanya, kuma ba a ce kowa ya yi ba. Wanda buƙata ta kama ya sayar, ba a zarge shi. Roƙona ɗaya ne: kafin a kira mai sikeli, a fara sanar da ƴan uwa da makanikan unguwa. Mai son gyarawa zai biya fiye da kuɗin kilo, ko ba komai piyes ɗinta za su tayar da wata. Kuma tun da aka cire tallafin mai a Najeriya a Mayun 2023 kuɗin na kwalba ya tashi, ƙaramin injin da ke zagaya gari da ɗan mai kaɗan ba abin rainawa ba ne.

Duk mai irin wannan moto a gida, mobilet ce, P50, Yamaha, Suzuki, CG ko DT, ya ɗauki hotonta ya turo mana, ya faɗi ta wane ne, a wace shekara aka saye ta, wane aiki ta yi. Wanda kuma ya san dattijon makanike da zai yarda a yi hira da shi, ya nemi izininsa sannan ya sanar da mu, mu je har inda yake da makirfo. Allah ya jiƙan magabatanmu da suka hau su, ya ƙara wa dattawanmu lafiya. Sai mun ji daga gare ku.